Rawanin da Ban Saki Ba

Daga bakin teku har shingen da ake tare motoci a hanyar Makka, ban ga Bahaushen da ya kai ni sanin rawani ba. Kakana ne ke naɗa wa dagacin garinmu rawani duk Juma'a, har idonsa ya tafi yana naɗawa da lalube, kuma a zaurensa na tashi. Nuna mini rawani daga nisan zango guda, in gaya maka harsa ne ko ɗan kura, na malami ne ko na basarake, in ka matsa mini ma in gaya maka ko mai shi ya karya kumallo. Babu majalisar da ban faɗi wannan magana ba a Karantina, unguwar mutanenmu a Jidda, kafin a rushe ta. Akwai kuma ta biyu da nake haɗawa da ita: ba a taɓa yi mini na kwana ban rama ba.

Umra na zo, umrar ta yi tsawo har ta yi furfura. Shekarun farko a cikin mutanenmu na yi su, ina tallar turare da carbi tsakanin Karantina da Ammariyya, ba na hulɗa da kowa sai namu da Larabawa. Da gwiwata ta fara ƙin yawo, sai taubashina, ɗan kawuna, ya samo mini aiki a wani hoshi a Kurayyat, wato filin da tireloli ke kwana. Ni da shi muke ɗaure kaya da rufe tamfol. Ya riga ni zuwa Jidda da daɗewa, Larabci a bakinsa kamar an buɗe famfo, kuma tun muna yara bai taɓa ganin rami ya bar ni na wuce ban faɗa ba.

Ban cika sati a hoshin ba, wata safiya wani direba ya sauko daga tirela. Dogo ne, gemu cike da fuska an nannaɗe shi tsaf a ƙarƙashin haɓa, warwaron ƙarfe a hannun dama. A kansa kuwa rawani ne shuɗi, da irin naɗin da ban taɓa gani ba. Layi bisa layi kamar da ma'auni aka jera su, sun zo sun haɗu a tsakiyar goshi sun yi tsini. Babu amawali, babu jela, ko zare ɗaya bai leƙo ba.

Na taɓa taubashina. "Wane ne wannan?"

"Rage murya," in ji shi. "Kai da ka san rawani, ni za ka tambaya?"

Na ƙanƙance ido na duba da kyau. "Naɗin malamai ne. Amma akwai sarauta a ciki."

"Allah ya jiƙan kaka, bai yi asara ba. Ba ka ji abin da Indiyawan nan ke kiransa ba? Sardar. Sardauna ne a ƙasarsu, kuma shehi ne. Tuƙin nan ɓad-da-kama ne kawai. An ce in ya sa albarka a ruwa, gurgu sai ya yi tseren buhu. Amma ni ban ce ka je ba."

Ai bai rufe baki ba na tuɓe takalma. Ƙasar Jidda da hantsi kuwa tana iya soya ƙwai, amma na taka ta haka nan, na je gaban mutumin na durƙusa. Da yake ban san wanne ya fi so ba, sai na haɗa masa duka biyu, na yi jinjina na ce ranka ya daɗe, na sunkuyar da kai na ce Allah ya gafarta Malam. Na miƙa masa gorar ruwana da hannu biyu, ina nuna gwiwa. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya karɓi gorar ya ɗaga ta sama ya tsiyaya a maƙogwaro ba tare da ta taɓa bakinsa ba. Ya miƙo mini saura ya ce, "Shukran, Hajji." Na ce a raina, ka ga tsantsenin waliyyai. Na sha rabi, na shafa rabi a gwiwa. Kafin la'asar na gaya wa duk wanda ke hoshin cewa na warke, har tsalle na yi daga bayan tirela don su shaida.

Kwana uku ina kai ruwa yana sha. A rana ta uku aka shimfiɗa tabarmi a inuwar tirela za a yi azahar, wani Basudane da ya saba ja mana salla ya wuce gaba. Na ce wannan rashin ladabi ne, shehi na zaune a kan taya yana cin gurasa, wani ya shige gaba. Na je na kama hannunsa ina ja, ina ce wa jama'a su dakata. Ya tsaya cak, ya dafa ƙirji, ya ce da irin Larabcin hoshi wanda kowa ke karyawa yadda ya ga dama, "Hajji, ana mafi Muslim. Ana Sik." Wato shi ba Musulmi ba ne, addininsu daban, ana ce musu Sik, kuma duk namijinsu mai rawani Sardar ake kiransa, ko tirela yake ja ko shayi yake sayarwa.

Sai da aka sake tayar da iƙama sau biyu. Basudanen ya kabbarta, wani Bayamane a sahun baya ya tuntsire, aka watse. Taubashina kuwa kwanciya ya yi a tabarma yana bugun ƙasa. Daga ranar sunana ya ɓace a hoshin, sai Muridi. Labarin ya riga ni isa Karantina. Mai tsire ya tambaye ni ko gwiwar ta dawo da ciwo ne tunda na gano asalin maganin. Abin haushin, ta dawo.

Taubashi ba a kai ƙararsa. Aikinsa ya yi, ko gida na kai magana ni za a yi wa dariya. Na zuba masa gishiri a shayi sau biyu don kada a ce ban yi komai ba, amma zuciyata ba ta huce ba. Duk fushin sai ya koma kan rawanin. A wurinmu rawani ba hula ba ce da za ka saya ka kifa. Wani ne ke naɗa maka a gaban jama'a, kuma wanda ya naɗa yana iya tuɓewa. To wannan wa ya naɗa shi? Ya ɗora abu a ka yana yawo yana sa dattawa tuɓe takalma. Na zauna ni kaɗai na yi shari'a, na yanke hukunci, na kuma naɗa kaina mai zartarwa: sai na tuɓe shi a gaban idon da ya ga durƙusona.

Na fara da igiya. Na gitta ta a saman ƙofar bayan gida daidai tsayinsa. Ashe mutumin duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya, ko ta masallacin Juma'a ce. Igiyar sai ta shaƙe Bayamanen nan yana sauri. Na koma kan injin iska da muke hura taya da shi. Na yi kamar ina kakkaɓe ƙura, na juya bakin tiyo lokacin da yake wucewa. Huluna uku suka tashi, ɗaya har yau ba a gan ta ba, ina jin ta sauka a Sudan. Rawanin ko motsi bai yi ba.

Na ce to, abin da ba ka ga yadda aka ɗaure shi ba, ba za ka san inda ake kwance shi ba. Bayan sallar asuba na zagaya bayan kwantenonin da direbobi ke kwana, ina tafe kamar mai neman abin da ya yar. Na same shi a ƙofar ɗakinsa, gashin kansa a dunƙule a tsakiyar ka, an rufe da ɗan ƙyalle, ga yadi a kafaɗa. Ya gan ni ya yi murmushi.

"Hajji, zo. Wanke hannu, ka riƙe mini."

Ya nuna buta da sabulu. Na wanke. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Sannan ya damƙa mini baki ɗaya na yadin, ya riƙe ɗayan, ya dinga ja da baya. Yadin nan ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, na ɗauka sai ya kai Ɗa'ifa zai tsaya. Da ya miƙe sosai sai ya jingina da baya da dukkan nauyinsa, ya ce ni ma in ja. Muka ja har yadin ya yi tsam kamar tsirkiya. Ya nuna mini yadda zan dinga tura gefe-gefen ciki, shi ma yana turawa daga can, har faffaɗan yadin ya koma siriri mai santsi. Ya tattaro shi a hannu, ya kama bakin da haƙori, ya fara kewaya kansa, kowane zagaye yana ɗan hawa kan na baya. Na ƙarshe ya buɗe shi ya rufe tsakiyar kai, ya cusa saura, ya ɗauko wani siririn tsinken ƙarfe ya tura 'yan gashin da suka leƙo.

Ni duk ba wannan nake kallo ba. Abin da na gani shi ne ƙaton mutum ya jingina da baya, ba abin da ke riƙe da shi sai hannuna. Tsakaninmu kuma akwai 'yar kwata da baƙin man inji ke taruwa. In na buɗe yatsu kawai, shi ya yi zaman daɓaro, rawanin ya sha mai. Na ji wani sanyi a ƙirjina. Saura 'yan kallo da ranar da ta dace.

Haka na zama mai riƙon rawani. Duk safiyar da ya kwana a hoshi ina nan, hannu a wanke fiye da na mai alwala. Ina yi ina leƙen asiri.

"Sardar, wa ya naɗa ka?"

"Ni. Kullum da safe."

"To wa ke da ikon tuɓe ka?"

"Babu."

Ka ji fa. Na haɗiye wannan ma na ajiye. Ya gaya mini tun da aka haife shi almakashi bai taɓa gashinsa ba, yana taje shi safe da yamma da ɗan mataji na katako da ke zama a cikin gashin. Ba ya fita da kai a buɗe. In zai cire, ba ya tumɓuke shi kamar hula, warware shi yake yi zagaye-zagaye yadda ya naɗa. Ba ya ajiye shi a ƙasa, ba ya wanke shi tare da safa. Wata rana wani sabon makanike ya miƙa hannu zai shafa don wasa, Sardar ya riƙe hannun a iska, ya mayar masa da shi gefensa a hankali. Da na tambaye shi ya ce, "Hajji, a garinmu wanda ya jefar maka da rawani, mahaifinka ya mara." Na gyaɗa kai kamar mai tausayi. A ciki kuwa cewa nake, madalla, ashe daidai wurin na nufa.

Wajen wata biyu muna haka. Sai ya yi wasu kwanaki ba ya magana, in mun gama ja sai ya ce shukran ya shige. Na ɗauka jikinsa ne ya fara ba shi. Ran nan da la'asar ya same ni ina naɗe tamfol ya ce, "Gobe ka zo da wuri, Hajji. Sabon yadi ne. Fari."

Fari. Na kusa rungume shi. Kafin magariba na gayyato taubashina da Bayamanen da wasu mutum huɗu daga cikin waɗanda suka fi ƙyaƙyatawa ranar azahar. Na ce su zo da shayinsu su zauna kan tayoyin da ke fuskantar ɗakinsa, za su ga yadda Muridi ke sallamar shehinsa. Na ɗauko galan na tsohon mai na ƙara wa kwatar har ta tumbatsa ta malalo gefe.

Da safe na wanke hannu sau uku ba a ce in ƙara ba. Ya fito cikin fararen kaya, ya jingina wayarsa a kan kujera tana kallonmu. Na leƙa na ga ɗaki cike da mutane zaune a ƙasa, maza da rawuna, mata da mayafai, a gaba wata tsohuwa ta matso har fuskarta ta cika gilashin. Ya buɗe wata takarda ya fito da yadin, ya ɗora shi a goshi, sannan ya ba ni bakina. Yana ja da baya yana magana, da wannan karyayyen Larabcin.

Mahaifinsa ne ya rasu, kwana goma ke nan. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana wurin kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ana sabuntawa, babu halin fita. A al'adarsu in uba ya rasu, ana tara dangi a ba babban ɗa rawani, ya ɗauki gidan. Shi ne babba. Wani ɗan garinsu da ya dawo daga hutu ya kawo masa yadin jiya. Sauran direbobi 'yan addininsu duk suna hanya.

"Yau ba nawa ba ne, Hajji," in ji shi. "Daga gida aka aiko."

Ya jingina da baya. Yadin ya miƙe fari fat a saman kwatar.

Ni da na yi wata biyu ina tambayar wa ya naɗa shi, ga naɗin ya zo har hannuna. Na waiga. Taubashina ya ɗaga kofin shayi, yana buɗe yatsun ɗaya hannun yana rufewa, wai in saki. Bayamanen har ya fara dariyar tun kafin a yi. Da zan so in ce imani ne ya hana ni, amma gaskiya ban san me ya faru ba. Na umarci yatsuna su buɗe, suka ƙi. Nawa mahaifin ma a waya na ji rasuwarsa, ina tsaye a wani lungu a Karantina da tiren turare a hannu, kuma babu wanda ya aiko mini da ko hularsa. Na ƙara damƙe yadin, na ja da baya don in ƙara masa tsayi daga man.

A nan ne man da na zuba da hannuna ya karɓi diddigena. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi Yaman. Na tafi gaba ɗaya na zauna a cikin kwatar, zama irin na mai gida, man ya fallatsa har kunnena. Amma hannuwana suna sama, can ƙololuwa, kamar mai roƙon ruwa. Sardar ya ja da sauri, yadin bai saki ba, bai sauko ba. Ina zaune a cikin baƙin mai, gwiwar nan tana kiran sunan kakannina, na ce masa, "Ja, kada ka tsaya. Yalla, ja."

A haka muka tura gefe-gefen, ni a zaune shi a tsaye. Ya zagayo ta busasshen wuri ya karɓi bakin daga hannuna, ya duba shi ciki da bai. Ko ɗigo babu. Masu shayi kuwa sun samu abin da suka zo nema, sai dai ba a kan wanda na yi musu alkawari ba. Taubashina sai da ya ƙware.

Tsohuwar ta yi magana daga cikin waya, ya amsa mata da yarensu, ya juyo ya ce mini, "Mahaifiyata ce. Tana tambaya wane ne. Na ce mata Hajji ne, mutumin da ya tuɓe takalminsa ranar da ya fara ganin rawanina. Shekara nawa ina ƙasar nan, babu wanda ya taɓa yi." Tsohuwar ta haɗa tafukanta ta sunkuyo. Ni ma na haɗa nawa, mai yana ɗiga daga gwiwar hannuna.

Ya tsaya gaban wayar ya naɗa, a hankali fiye da kullum, mutanen ɗakin suna karanta wani abu tare. Da ya cusa bakin ƙarshe, sai na faɗi abin da ake faɗa a garinmu in an yi naɗi. Na ce, "Allah ya taya riƙo." Bai ji Hausa ba, amma ya dafa ƙirji.

Wandon nan bai sake moruwa ba. Sunana kuma ya ƙaru, na tashi daga Muridi na koma Muridi Mai Mai. Na ga in ban yi da gaske ba wannan ma za ta bi ni har kabari, don haka na gyara labarin na kai majalisa. Na ce mutum ya shigo hannuna, mutuncinsa da na ubansa da na garinsu duk suna tsakanin yatsuna biyar, na dube shi na yafe. Na ce ramuwa iri-iri ce, kuma babbarta ita ce ka nuna wa mutum kana iyawa ka fasa. Taubashina ya ce to ai shi mutumin bai san an nuna masa ba. Na ga ya yi gaskiya. Yafiyar da wanda aka yafe wa bai sani ba, ina amfaninta?

Bayan sati guda, mun gama ja da safe yana tsaye yana cusa gashi da tsinkensa, na gyara murya. Na zayyana masa komai, tun daga igiyar bayan gida da injin iska har galan ɗin mai. Na nuna masa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Sardar, wata biyu kana jingine a kan hannun maƙiyinka ba ka sani ba. Ranar farin yadi, da na buɗe su haka kawai, halas, shi ke nan. Amma ban saki ba. Ni, ban saki ba." Na ja da baya kaɗan don in ba shi wurin da zai yi godiya, ko kuka in ya ga dama.

Ya gama da tsinken, ya duba tsinin goshinsa a madubin tirela, ya ɗan gyara shi da babban yatsa. Sannan ya dube ni.

"Hajji, kafin ka zo, a mariƙin ƙofa nake ɗaure shi in ja. Shi ma bai taɓa saki ba, kuma bai taɓa zuwa ya ce in gode masa ba."